Yadda za ka sayi garmaho mai arha ba tare da ya cinye maka faya-fayai ba

Shekara uku da suka wuce kawuna ya kira ni ɗakinsa a nan Garwa, ya nuna mini wata adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado, ya ce in jawo. Muna buɗewa warin tsohuwar takarda ya cika ɗakin. Faya-fayan garmaho ne fiye da 60, wasu cikin rigunansu na kwali, wasu tsirara an raba tsakaninsu da tsofaffin jaridu. Akwai na mawaƙan Hausa da aka buga a Najeriya, akwai na Kongo, akwai makosa, har da wasu 'yan kaɗan na Sudan da ya sayo zamanin da yake fatauci tsakanin Kusuri da Injamena.

"Ɗana," ya ce, "garmahon nan ya mutu tun ba a haife ka ba. In kana da dabarar da za ka sa su yi magana, ka sa su in ji kafin Allah ya karɓi abinsa."

Cikin ɗoki na sa aka kawo mini wani ɗan garmaho mai kamar akwatin hannu, da lasifikarsa a jiki, jan launi, abin sha'awa. Muka ɗora faifai, muka zauna. Muryar ta fito, amma kamar daga cikin gwangwanin madara. Kalangu ya zama ƙwas-ƙwas, allura tana tsalle duk inda ganga ta yi ƙarfi. Kawu ya saurara na ɗan lokaci, ya girgiza kai ya ce ba haka mutumin nan yake waƙa ba. Daga ranar na shiga neman sanin abin, kuma mafi yawan abin da zan faɗa a nan na koye shi ne a gaban teburin wani dattijo mai gyaran rediyo, sauran kuma da gwaji a ɗakina. Kafin komai ka riƙe wannan: garmaho in ya lalace ana sayen wani, faifan mahaifinka in allura ta kankare shi ya tafi ke nan. Duk zaɓin da za ka yi, ka yi shi don faifan.

Fara da faya-fayan, kada ka fara da kasuwa

Ka fito da su ɗaya bayan ɗaya, ka raba su kashi uku, domin ba duk faifai ne iri ɗaya ba. Manya masu faɗin santimita 30, waɗanda kowane gefe ke ɗaukar waƙa ta wajen minti 20, suna juyawa sau 33 da sulusi a minti guda. Kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da su a 1948. Ƙanana masu faɗin santimita 17 da ɗan kai suna juyawa sau 45, su kuma RCA Victor ya kawo su a 1949. Waɗannan biyun na roba ne, in ka ɗan lanƙwasa su suna ba da kai. Ka lura da ƙananan: da yawa daga cikin waɗanda aka buga a Faransa, kuma su suka fi yawa a gidajenmu na Kamaru da Cadi, ramin tsakiyarsu babba ne, sai an sa wata 'yar roba mai zagaye a kan ƙusar garmaho kafin su zauna daidai. In mai sayarwa bai haɗa maka da ita ba, ka tambaya.

Kashi na uku shi ne na kakanni, masu juyawa sau 78. Za ka gane su da nauyi da tauri, ba sa lanƙwasuwa, in sun faɗi kuma fashewa suke yi kamar tukunyar ƙasa. Galibi faɗinsu santimita 25 ne, waƙa ɗaya a kowane gefe, ta wajen minti uku. Layinsu ya ninka na robar faɗi sau uku ko huɗu, saboda haka allurarsu daban ce. Allurar zamani in ka sa musu sai ta nutse can ƙasan layin tana jan datti, ka ji shuuu ya fi waƙar yawa. In kana da irin waɗannan da yawa, to dole garmahon da za ka saya ya kasance yana da gudun 78, kuma ka nemi allurarsu ta musamman. Kuma in akwai tsohon garmaho a gida, mai hannun murɗawa da allurar ƙarfe, kada ka kuskura ka ɗora masa faifan roba. Hannunsa yana danna faifai da nauyin da ya kai giram 100 ko fiye, sau ɗaya ya isa ya huɗe layin kamar garma.

Kowane faifai ka ɗaga shi a hasken taga, ka karkata shi. Ƙarce da ido ke gani amma farce ba ya ji, yawanci ba ya hana sauraro. Wanda farcenka ya sarƙe a ciki, za ka ji tas a kowane zagaye. Wanda layinsa ya yi furfura, ya koma toka-toka maimakon baƙi mai sheƙi, tsohuwar allura ta riga ta cinye shi, babu garmahon da zai dawo da shi. Wannan dubawar ce za ta gaya maka ko abin ya cancanci kashe kuɗi ma.

Garmaho iri uku da za ka tarar

Na farko shi ne irin wanda na fara saya, mai siffar akwati. Kyan ɗan maciji gare shi. Arharsa ce ke jan mutane, ga shi ba ya buƙatar komai, ka jona wuta ka ɗora faifai. Amma ka duba kan hannunsa, wato inda allura take. Kan siramik ne, sau da yawa da 'yar jar allura ta roba, yana danna faifai da giram 5 ko 6, kuma babu abin da za ka murɗa ka rage. Tsinin allurar da ake haɗo shi da ita a lokuta da dama ba daimon ba ne, wani dutse ne mai arha da ke dakushewa bayan 'yan awanni goma-goma, in ya dakushe kuma sai ya zama kurfi. Farantinsa, wato inda faifai ke zama yana juyawa, ƙarami ne, babban faifai yana leƙowa waje yana rawa. Lasifikar tana cikin akwati ɗaya da allura, duk bugun da ta yi sai ya girgiza allurar, shi ya sa masu ƙera shi suke yanke kaurin sautin da gangan. Gaskiya, sau ɗaya ko sau biyar ba zai kashe faifai ba. Maimaici ne ke kashewa, ga nauyi, ga dakusasshiyar allura, ga ƙurar ƙasarmu. In shi kaɗai kake da shi kuma babu halin wani, ka nemi allurar daimon da ta dace da shi ka canza, ka jona shi da lasifikar waje, sannan faya-fayan da ba su da na biyu ka bar su a adaka tukuna.

Na biyu shi ne sabon garmaho mai sauƙin kuɗi na kamfanonin da suka san aikin, irin su Audio-Technica AT-LP60X ko Sony PS-LX310BT. Jikinsu roba ne, in ka ɗaga ba nauyi, amma kansu na maganaɗisu ne da allurar daimon. AT-LP60X yana danna faifai da giram 3 da rabi, allurarsa ATN3600L tana daga cikin mafi arha da sauƙin samu a duniya, yana ɗaga hannu ya sauke da kansa, kuma yana da ƙaramar na'urar ƙara sauti a ciki, wadda zan yi bayaninta a gaba. A Turai kuɗinsa yana kai-komo a wajen yuro 150. Tunda yuro ɗaya sefa 656 ne ba ya motsi, ka ƙirga wajen jaka 100, wato sefa dubu 100, kafin kuɗin ɗauko shi da na kwastan. Ba ya juya faifan 78, kuma ba ka da ikon gyara nauyin hannunsa. Ga wanda ba ya son taɓe-taɓe, ko gidan da yara da tsofaffi za su riƙa kunnawa, ni shi nake ba da shawara.

Na uku shi ne na gwanjo, kuma nan zuciyata take. Tsohuwar zuma ake magani da ita. A shekarun 1970 da 1980 kamfanonin Japan irin su Technics da Pioneer da Sony, da Dual na Jamus, sun ƙera garmaho masu farantin ƙarfe mai nauyi da hannu mai ma'auni a baya, kuma har yau suna ɓullowa a shagunan masu kayan gwanjo na Turai a Duwala da Yawunde, wani lokaci a ɗakin ajiyar wani tsohon ma'aikaci a Marwa ko Ngaundare. Technics SL-1200, wanda ya fara fitowa a 1972, ya yi suna har kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, amma ƙannensa marasa suna suna nan da sauƙi. Wanda ke da lafiya a cikinsu, in ka sa masa sabuwar allura, ya fi sabon na roba daɗin ji nesa ba kusa ba. Sai dai sayensa caca ce ga wanda bai iya gwadawa ba, don haka ga yadda ake gwajin.

Gwaji kafin ka miƙa kuɗi

Ka tafi da faifai guda wanda ka san waƙarsa sarai amma ba ka jin zafin rasa shi, da ɗan guntun farar takarda mai manne, da agogon wayarka.

Kafin a jona wuta, juya garmahon ka karanta rubutun bayansa. Wutar Kamaru da Cadi volt 220 ce, tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Kayan Turai da na Najeriya sun dace da ita. Na Amurka an yi shi don volt 120 da bugu 60, na cikin gidan Japan don volt 100. In ka jona su kai tsaye za ka ji ƙauri. Mutane suna cewa ai sai a sa tiransifoma, amma akwai tarko na biyu. Wasu tsofaffin garmaho injinsu da bugun wutar yake ƙirga gudunsa. Irin wannan in an yi shi don 60 ka ba shi 50, faifan da ya kamata ya juya sau 33 sai ya juya wajen sau 28, muryar mace ta koma ta namiji mai jin barci, kuma tiransifoma ba ta gyara wannan. Wannan irin injin ne kuma ke sa waƙa tana hawa tana sauka in janareta kake amfani da shi. Wanda aka rubuta wa Quartz a gaba ba ruwansa da bugun wuta, haka ma sababbin da ke aiki da adafta, waɗanda da yawansu volt 12 suke sha.

Sai gudu. Manna takardar a gefen faranti, kunna a kan 33, ka ƙirga sau nawa ta wuce gabanka cikin minti uku cif. Ya kamata ka samu 100. In ka samu 99 ko 101 ba laifi. In 96 ne ko 104, akwai magana. A kan 45 kuwa, 45 a minti ɗaya. Yayin da yake juyawa ka sunkuya, idonka daidai da bakin farantin, ka ga ko yana hawa da sauka. Farantin da ya karkace ba ya gyaruwa, ka tashi ka bar shi.

Ka tambaya ko da bel yake juyawa ko injin ne a ƙarƙashin faranti kai tsaye. Mai bel, ka ɗaga shimfiɗar robar da ke kan faranti ka leƙa. Zafin ƙasarmu yana sa bel ya saki, ko ya narke ya zama kamar kwalta. Wannan ba abin fasa ciniki ba ne, abin rage kuɗi ne, domin bel ba shi da tsada. Za ka goge baƙin da ya manne da auduga da sifirit, ka zagaya zare ta hanyar da bel ɗin ke bi, ka auna, ka nemi wanda ya gaza zaren da ɗan kaɗan.

Hannun kuma ka riƙe shi da yatsu biyu a hankali ka kai shi tsakiya ka dawo da shi. Ya tafi sumul, ba sarƙewa, ba kuma girgiɗi a gindinsa kamar haƙori mai shirin fita. Allurar da ke jikin na gwanjo kada ka yarda da ita ko da mai kaya ya rantse sabuwa ce. Ka rubuta lambar da ke jikin kan, ka tabbata ana samun allurarsa, ka sa kuɗinta cikin lissafi tun yanzu.

Daga nan ka ɗora faifanka. Dattijon da ya koya mini, da na kai masa wani Pioneer da nake ciniki, ya ga na sauke allura a waƙar farko, sai ya riƙe hannuna.

"A'a, yaro. Waƙar farko kowane garmaho gwani ne. Kai shi ta ƙarshe."

"Me ya bambanta su, Baba?"

Ya ɗauki faifan ya nuna mini da ɗan yatsa. A bakin faifai, layin yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun wajen santimita 50 a daƙiƙa. Can kusa da takardar tsakiya, da'irar ta ƙanƙance, gudun ya koma wajen 20. Sautin da ke shimfiɗe a fili a waje, a ciki an cusa shi a ƙunci, allura tana shan kwana masu tsanani. Nan ne allura mai rauni ko hannun da bai daidaita ba ke tona asirin kansu. Ka saurari harafin "s" a bakin mawaƙi, da goge ko algaita in akwai. In "s" ta zama "shhh" mai yagewa, to ka ji iyakar wannan garmahon. Ka kuma saurari sautin da aka ja da tsawo: in yana rawa kamar mai kuka, gudun ba ya tsaye. Ka tabbata lasifikar hagu da ta dama duka suna magana.

In ka kawo shi gida

Wurin zamansa rabin sautinsa ne. Tebur mai nauyi wanda ba ya girgiɗi, nesa da taga, inda rana ba ta taɓawa. Ka ɗora ƙaramin faranti da ruwa a kan teburin ka ga ko ruwan ya kwanta daidai, in ya karkata ka cusa kwali a ƙarƙashin ƙafar tebur. Lasifika kada ta zauna a tebur ɗaya da garmaho. Bugunta yana bin katako ya koma cikin allura, allura ta mayar da shi cikin lasifika, ka ji gurnani yana ƙaruwa har ya zama ƙugi.

Yanzu haɗa wayoyi, inda mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa an sayar musu da mataccen kaya alhali lafiyarsa ƙalau. Kan maganaɗisu wutar da yake fitarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kashi 3 zuwa 5 cikin dubu na volt ɗaya. Ban da haka, lokacin yanka faifai da gangan ake rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa, don layin ya yi siriri waƙa da yawa ta shiga, kuma hayaniyar roba ta ɓuya. Tun 1954 kamfanonin Amurka suka amince da ma'auni guda na yin haka, ana ce masa RIAA, sauran duniya ta bi. To dole a samu wata 'yar na'ura da za ta ƙara ƙarfin wutar, ta kuma mayar da kaurin inda yake. Tsofaffin amfilifaya suna da ita a ciki, a ramukan da aka rubuta wa PHONO. In amfilifayarka tana da su, can za ka jona. In ba ta da su, sai AUX ko LINE kawai, to ko dai garmahon ya kasance yana da tasa a ciki, ka tura ɗan makunnin bayansa zuwa LINE, ko ka sayi 'yar ƙaramar ta daban ka sa a tsakani.

Kuskure biyu ake yi. In sauti ya fito siriri, can ƙasa-ƙasa, ba ganga ko kaɗan, ka jona garmaho a AUX ba tare da 'yar na'urar ba. In ya fito da ƙarfin tsiya yana fashewa, ka bi ta cikinta sau biyu: makunni yana LINE, waya kuma tana PHONO. Sannan tsofaffin garmaho suna da siririyar waya ta uku mai kai kamar ƙahon rago. Akwai 'yar ƙusa a bayan amfilifaya da aka rubuta wa GND, nan ake ɗaure ta. In ka bar ta tana lilo za ka ji wani "mmmm" da ba ya yankewa.

Wutar gari a nan kowa ya san halinta, tana tafiya ta dawo da ƙarfi. Ka sa na'urar daidaita wuta, kuma da zarar an ɗauke, ka ɗaga allura daga kan faifai ka cire filogi.

Nauyin allura

In garmahonka yana da dunƙulen ƙarfe mai lambobi a bayan hannu, wannan aikin na minti biyar ne, kuma shi ne mafi amfani a duk abin da na lissafa. Kashe wuta. Akwai wani ƙaramin maɓalli mai lambobi kusa da gindin hannu, wanda ke hana hannun zamewa ciki, mayar da shi sifili. Cire murfin allura, saki hannun daga maƙallinsa, riƙe shi kada ya faɗi. Ka murɗa dunƙulen baya ko gaba har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, kamar sikelin mai nama in ya daidaita. Mayar da shi maƙalli. Yanzu ka riƙe dunƙulen kada ya motsa, ka juya zoben lambobin kaɗai har sifili ya zo sama. Sannan ka murɗa dunƙulen gaba ɗaya, da zobensa, zuwa nauyin da aka ƙayyade wa kanka. Yawancin kawunan maganaɗisu tsakanin giram 1 da rabi ne zuwa 2 da rabi. Mai farin jini irin AT-VM95E giram 2 yake so. Ɗan maɓallin nan kuma ka kai shi lamba ɗaya da nauyin. In kana shakka, ƙaramin sikelin masu sayar da zinariya zai tabbatar maka.

Kada ka rage nauyi ƙasa da ƙa'ida da nufin tausaya wa faifai. Allurar da ba ta zauna sosai ba tana karo da bangon layi hagu da dama, ɓarnarta ta fi ta mai ɗan nauyi. Ɗabi'ar nan kuma ta ɗora kwabo a kan hannu in allura tana tsalle, wadda dukanmu muka gani a gidajen iyayenmu, a bar ta. Tsalle yana nufin datti, ko tebur ya karkata, ko allura ta ƙare. Allurar daimon ta talakawa tana yin awa 300 zuwa 500. In kana sauraro awa ɗaya kowane dare, shekara guda ke nan, ka canza ta.

Ƙura da zafi

Mutanen Turai da ke rubutu kan garmaho ba su san hunturunmu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura tana shiga ko'ina, ga bushewar iska da ke sa riga tana tas-tas in ka cire ta da dare. Wannan wutar ita ce ke taruwa a jikin faifai tana jawo ƙura kamar maganaɗisu. Rabin ƙaras-ƙaras da mutane ke ɗauka tsufa ne, datti ne kawai.

Wankin farko ka yi shi da tataccen ruwa, irin wanda ake samu a kantin magani ko wanda ake ƙara wa batirin mota, ka tabbata ruwan ne zalla ba mai asid ba. Ruwan rijiya da na famfo suna barin gishiri a cikin layi. Ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka a cikin kofi guda ya isa. Ka shimfiɗa tawul mai tsabta, ka kwantar da faifai, ka jiƙa ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, ka bi layin a zagaye, kada ka ratsa shi, kada kuma ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ɗauraye da tataccen ruwa, jingine shi a inuwa ya bushe sarai kafin allura ta taɓa shi. Na 78 kada sifirit ko turare ya kusance su, narkar da su yake yi, kuma kada a jiƙa su su daɗe. Bayan wannan, goga mai laushi kafin kowane sauraro ta wadatar. Allura ma tana tara gashin ƙura, ka share ta da ɗan buroshi daga baya zuwa gaba, ba da yatsa ba. Faifai a gefensa ake riƙe shi, da tafin hannu biyu.

Zafi kuwa ya fi ƙura mugunta. A Maris da Afrilu Garwa da Marwa da Injamena suna haura digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano da rana tsaka ya fi haka, cikin mota a rufe kuwa ba a magana. Roba tana laushi ta kantare, kuma faifan da ya kantare da wuya ya miƙe. A tsaye ake jera su kamar littattafai, a matse kaɗan kada su jingina, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kusa da ƙasa amma ba a kan siminti ba saboda damina da gara. Bakwai daga cikin na kawu da ke ƙasan adaka sun lanƙwashe saboda an kwantar da su an ɗora musu nauyi shekara da shekaru. In za a kawo maka faifai ko garmaho daga kudu, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan mota, ka roƙi mai kawowa ya riƙe su a ciki kusa da ƙafarsa, kada a ɗaure su a saman bas. Garmahon kuma a cire farantinsa da dunƙulen baya, a ɗaure hannun.

To, yaya sautin yake, kuma ya ci kuɗinsa?

Ba zan ruɗe ka ba. Garmahon jaka 100 ba zai fi waƙar da ke cikin wayarka tsabta ba. Za ka ji ɗan shuu tsakanin waƙa da waƙa, za ka ji tas nan da can, waƙar ƙarshe ba za ta kai ta farko haske ba. Wanda ke neman sauti garau kawai, ya sa kuɗinsa a lasifika mai kyau ya jona waya, ya fi masa. A Amurka faifai ya dawo da ƙarfi, har a 2022 adadin da aka sayar ya wuce na CD karo na farko tun 1987, amma su sababbi suke saye a kanti. Mu abin da ke hannunmu daban ne: waƙoƙin da da yawansu ba a taɓa mayar da su kaset ba balle intanet, kuma watakila kwafin da ke adakar gidanku yana cikin 'yan kaɗan da suka rage. A wajen irin wannan faifan, garmaho mai kan maganaɗisu da allura sabuwa da lasifika ta daban yana fito da muryar mutum cike, da ƙirjinta, kalangu ya yi maganarsa, ka rarrabe 'yan amshi ɗaya-ɗaya. Tazarar da ke tsakanin mai akwati da na jaka 100 babba ce, kowa zai ji. Tazarar da ke tsakanin na jaka 100 da na jaka 500 ƙarama ce a kan tsofaffin faya-fayanmu da suka sha duniya. In kuɗi ya ragu a hannunka, allura tukuna, sannan lasifika.

Abu na ƙarshe da za ka yi shi ne kwafa. Wasu sababbin garmaho suna da ramin USB. In naka ba shi da shi, ka ɗauki sauti daga ramukan fita na amfilifaya zuwa kwamfuta, ka ɗauka da Audacity, manhaja ce ta kyauta. Ka sa ƙarfin ɗauka ƙasa kaɗan don kada wurin da ganga ta yi ƙarfi ya fashe, ka ɗauki gefe guda gaba ɗaya, daga baya ka yanka waƙa-waƙa. Ka ɗauki hoton takardar tsakiya da na rigar, gaba da baya, domin sunan mawaƙi da lambar faifan suna nan. Ka ajiye a wuri biyu.

Na kawu na gama kwafe 41 zuwa yanzu, a kan Pioneer ɗin nan da dattijo ya sa na gwada da waƙar ƙarshe. Daren da na fara kunna masa, faifan da ya ƙi a mai akwati na sake ɗorawa. Ya jingina da bango, ya rufe ido, leɓɓansa suna bin amshi tun kafin 'yan amshi su shigo. Da gefen ya ƙare ya ce in tura wa ƙanwarsa da ke aure a Kusuri, don a bikinta aka fara kunna shi, sannan ya ce in juya ɗaya gefen.